Tafiretar Goggo da Injin Huda Kati

A shekarata ta biyu a jami'a, can Zariya, wajen ƙarshen shekarun 1970, aka ƙaro mana wani darasi da babu ɗayanmu da ya zo dominsa. Mu ɗaliban harkar kasuwanci ne. Abin da muka sa a gaba shi ne aikin akanta da dokar ciniki da yadda ake tafiyar da kamfani. Sai muka dawo daga dogon hutu muka tarar an liƙa sanarwa cewa duk mai son digiri a sashenmu sai ya ci darasin sarrafa bayanai da kwamfuta.

Ni dai har ranar ban taɓa ganin kwamfuta ba, ko a hoto. Daga wani ƙauye kusa da Kwoi na fito. Mahaifina manomin citta ne, dattijo kuma a majami'armu, ni ne kuma na farko a gidanmu da ya wuce sakandare. Gwamnatin jiha ke ɗauke da karatuna, kuma kowa ya san cewa in ka faɗi darasin dole aka ce ka maimaita shekara, tallafin na iya tsayawa.

Malamin darasin mutumin Gana ne, siriri, mai magana ƙasa-ƙasa kamar yana gudun tashin mai barci. Hausarsa ba ta wuce “sannu” da “yauwa” ba. Ranar farko ya zana kanti a allo. Ya ce kaya na shigowa ta nan, suna fita ta can, mai kanti kuwa yana so ya san abin da ya kusa ƙarewa tun bai ƙare ba. Ya ce mu ba makanikai ba ne, ba ruwanmu da cikin injin. Namu shi ne mu gane wane labari ɗan kasuwa yake bukata, daga ina zai fito, sa'an nan mu faɗa wa injin yadda zai tattaro shi daki-daki. Ya koya mana zana aiki da akwatuna da kibiyoyi: in abu kaza ya faru bi nan, in bai faru ba bi can. Wannan ya shige ni nan da nan. Tun ina yaro nake ganin citta tana barin ƙasa, a wanke, a tsaga, a shanya a kan fa, a ware mai kyau daga marar kyau, a ɗura a buhu, ba wanda ake yi sai an gama na gabansa. Zanen malamin bai zame mini baƙo ba.

Wahalar tana gaba. In ka gama zane, sai ka rubuta umarninka da wani irin Turanci na musamman a takarda mai gida-gida, kowane harafi da gidansa. Wannan jerin umarni shi ake kira furogiram. To amma kwamfutar ba ta karanta rubutun hannu. Sai ka je wani ɗaki kusa da nata, ka zauna gaban injin huda kati, wanda gabansa kamar na tafireta ne. Kowane layi na rubutunka kati guda zai ci. Ka danna harafi, injin ya huda ɗan rami a katin. In ka danna ba daidai ba, katin ya tashi aiki, don rami ba ya goguwa. In ka gama sai ka ɗaure katunan da roba ka miƙa ta wata 'yar taga, ka dawo bayan kwana biyu ko uku a ba ka doguwar takarda, ko dai da amsar da kake nema ko da jerin kurakuranka. Ita kwamfutar kanta ta bayan gilashi muke hangen ta, wasu akwatunan ƙarfe tsaitsaye a ɗaki mai sanyi, ba a barin mu shiga.

Injinan huda 'yan kaɗan ne, jami'a kuwa gaba ɗaya ke rububinsu, 'yan kimiyya da injiniyoyi da mu. Saboda haka kowa ana yanka masa ɗan gajeren lokaci. Kafin naka ya cika, na bayanka ya riga ya dafa kujerar.

Hannuwana na noma ne. Yatsuna kauri gare su, tafina duk kanta, kuma ban taɓa zama gaban tafireta ba. Da yatsa ɗaya nake farautar harafi, in na samo shi na danna, sai yatsan ya haɗa da maƙwabcinsa. Ga lambobi ba su da layinsu daban. A kan haruffan hannun dama aka ɗora su, sai ka danne wani maɓalli da hagu kafin su fito. Abokan karatuna da suka fito daga makarantun kasuwanci, ko suka taɓa aikin akawu kafin su zo, sai ka ji injinsu na ta ƙara kamar ana ruwa a kan kwano. Ni kuwa in lokacina ya cika, katunan da na ɓata sun fi waɗanda suka tsira yawa. Malam kuma ya hana a huda wa kowa aikin da za a ba da maki a kansa. Haka zango na farko ya ƙare ban miƙa furogiram cikakke ko ɗaya ta tagar nan ba. Na daina zama a gaba a aji. Na fara tunanin yadda zan koma gida in faɗa wa mutanen da suka raka ni tasha da waƙa cewa inji ya kore ni.

Ana saura 'yan kwanaki a tafi hutun Kirsimeti malamin ya kira ni ofishinsa. Na same shi ya baje zane-zanena a tebur. Ya ce a ajin babu wanda ya fi ni tsara aiki, amma ba zai iya ba ni maki a kan abin da kwamfuta ba ta taɓa gani ba. Sai ya ce in miƙo hannuwana. Ya juya su ya duba, ya tambaye ni ko akwai tafireta a garinmu. Na ce a ƙauyenmu babu, amma yayar mahaifina tana da makarantar koyon tafireta a Kafanchan. Ranar na fara ganin dariyarsa. Ya ce, “Makaranta sukutum a gidanku, kake nan kana shan wahala?” Ya kai ni ɗakin injinan da kansa, ya tsaya har na zana yadda maɓallan suke a takarda, ya kwaso mini ɓatattun katuna daga kwando, ya ce in tafi da su.

Na hau jirgin ƙasa zuwa Kafanchan, daga nan lori zuwa Kwoi. Na iso ana tsakiyar tonon citta. Wana soja ne, yana can kudu, ƙannena kuma ba su kai riƙe fartanya ba, don haka Baba ya daɗe yana ƙirga zuwana. Da yamma bayan mun ci tuwo na faɗa masa abin da malam ya ce. Sai ya ce da yarenmu, shi ya tura ni jami'a ne don in zama wanda ake buga wa takarda, ba mai bugawa ba. Ya ce in duba gona. Mama ta ce ai citta ba ta da ƙafa, ba inda za ta. Ya ce ƙasa fa kullum ƙara tauri take yi, in an shiga sabuwar shekara sai da ƙarfe. Bai ce je ka ba, bai ce zauna ba. Washegari da safe na tarar Mama ta ɗaure mini acca da daddawa a ƙyalle ta ɗora a kan jakata. Ta ce in kai wa Goggo, yayar Baba, kuma in yi sauri kada lorin ya cika.

Goggo muke kiranta, yadda Hausawan unguwarsu suke kiranta. Wata baturiyar mishan ce ta koya mata tafireta tun tana budurwa, ta yi shekaru tana bugawa a ofishin jirgin ƙasa. Da mijinta ya rasu, ta sayi tsofaffin tafiretocin da ofisoshi suka yi gwanjonsu, ta buɗe makaranta a ɗakuna biyu na gaban gidanta, ba nisa da tasha. In jirgin kaya ya wuce, takardu har rawa suke yi a kan injinan. Ɗalibanta duk 'yan mata ne, daga Kagoro da Zonkwa da Godogodo da wajenmu, da 'ya'yan ma'aikatan jirgi 'yan kudu. Da Hausa take magana da kowa, irin Hausarmu ta Kafanchan wadda ba ta damu da bambanta “ya” da “ta” ba.

Ta saurare ni har na gama. Ba ta tambayi mene ne kwamfuta ba. Ta kama hannuwana ta matsa kowane yatsa, ta ɗauko reza ta ce in yanke farce, in kuma cire agogo. Sa'an nan ta nuna mini kujerar ƙarshe a layin sababbin shiga.

“A can kai ɗan jami'a ne,” in ji ta. “A nan kai ne auta. Zauna.”

Na zauna, gwiwoyina suna tokare da teburin. 'Yan matan suka yi ta dariya a cikin hannu har Goggo ta buga rula. Da rular nan take koyarwa. Takan ɗauki waƙar sujada a hankali, tana buga rula a tebur, kowane bugu harafi ɗaya, ɗakin gaba ɗaya ya amsa mata da ƙarar ƙarfe. Kwanaki na yi ban bar layin tsakiya na maɓallan ba. Manyan yatsuna suka bi, amma ƙananan biyu suka ƙi, sai su miƙe sama kamar ba nawa ba. Ta sa kullum da safe in jiƙa hannu a ruwan ɗumi in murza da man kaɗe. Da ta ga idona ba ya barin maɓallai, ta ɗauko tsohon zaninta ta lulluɓe mini hannu da injin gaba ɗaya. Ta ce ido na takarda ne, yatsa ya nemi hanyarsa, ai in na shiga ɗakin Mama da duhu ba na tuntuɓe da tukunya.

Wadda ke zaune kusa da ni 'yar Godogodo ce, ta koyar a firamare na ɗan lokaci kafin ta ga tafireta za ta fi kai ta birni. Ita ce Goggo ta ɗora wa duba takarduna. Ba ta da sassauci ko kaɗan. Takan zagaye kowane kuskure da jan fensir ta miƙo mini ba tare da ta dube ni ba, ta ce, “Oga jami'a, ka sake barin aya.” Na ji haushinta a makon farko. Daga baya na lura in ta ga na gaji takan turo mini gyaɗa ta gefen tebur.

A ƙarshen makon na nuna wa Goggo katunan da zanen maɓallan. Ta sa tabarau ta daɗe tana duba inda lambobin suke. Da fari ta ce wanda ya ƙera wannan bai taɓa shiga makarantar kirki ba. Can sai ta ɗora yatsunta uku na dama a kan zanen, ta motsa su sama da ƙasa, ta ce a'a, mutumin yana da hankali, so yake hannun dama ya zauna wuri ɗaya kada ya yi ta yawo. Ta shiga ɗaki ta jawo wata matacciyar tafireta daga ƙarƙashin gado, wadda ta ajiye don cire kayan gyara. Ta yayyanka takarda ƙanana, ta rubuta lambobi, ta dama sitaci, ta liƙa kowace lamba a kan harafin da zanena ya nuna. Daga ranar, in 'yan mata sun tashi da la'asar, sai in koma kan wannan. Goggo na zaune gefena tana tsince wake a faranti, tana kiran lambobi da ka, na waƙoƙin sujada, na taragun da suka wuce, duk wanda ya zo bakinta. Injin ba ya rubutu, babu takardar da za a duba, don haka yatsuna take kallo. In na kauce, sai in ji ƙwayar wake a bayan hannuna.

Ranar Kirsimeti kawai na je gida, na koma washegari. Baba bai yi mini maganar gona ba, ni ma ban yi ba, kuma rashin maganar ya fi mini nauyi.

Bayan 'yan kwanaki, ranar kasuwa, ina ƙarƙashin zanin nan ina bugu, sai na ji ɗakin ya yi tsit. Na ɗaga kai. Baba ne tsaye a bakin ƙofa da malafarsa a hannu, tare da wani Alhaji da ke sayen cittarmu tun kafin a haife ni, wanda kakanninsa ma a kasuwar Kafanchan suka yi ciniki. Daga baya na ji cewa Baba ya kawo kaya ne, ya yi wa Alhaji ƙorafi cewa ɗansa na jami'a ya koma cikin 'yan mata yana ƙwanƙwasa ƙarfe, kuma yau zai tafi da shi. Alhaji ya ce to su je tare ya gani da idonsa.

Goggo ba ta tashi ba. Ta amsa gaisuwar Alhaji da ladabi, ta dubi ƙanenta ta ce ya jira a gama layi. Ta ci gaba da buga rula. Ban san inda zan sa kaina ba, sai na kafa ido a takarda na bar yatsuna suka yi ta tafiya. Da aka gama ta zare takardar ta miƙa wa Baba. Ba ya karanta Turanci, amma ya ga layukan sun miƙe kamar kunya a gona. Ya dubi zanin da ke kan hannuna. Ya tambayi Goggo ko da gaske ban ga abin da nake taɓawa ba.

Alhaji ya ce a nuna masa abin da ake wannan wahala dominsa. Na kawo masa kati ɗaya. Ya ɗaga shi saitin hasken ƙofa ya leƙa ta ramukan, ya ce shi dai abin da ya gani takarda ce da gara ta ci. Na yi masa bayani da misalin sitonsa: buhu kaza ya shigo daga Kwoi, kaza ya fita zuwa Legas, injin zai faɗa masa abin da ya rage na kowane iri ba sai an shiga an ɗaɗɗaga ba. Ya tambaya ko injin ya san citta mai danshi. Na ce bai sani ba, sai an gaya masa. Ya ce to da sauran aikinsu ke nan. Sa'an nan ya juya ga Baba.

“Malam, lokacin da aka kawo sikeli kasuwar nan, mahaifina ya ce shi hannunsa ya ishe shi. Wanda ya fara koyon karanta sikelin, shi muka koma yi wa dako. Bar yaron nan.”

Baba ya juya malafarsa a hannu. Ya ce wa Goggo, “Yaya, yana ci dai ko?” Ta ce yana ci kamar fara. Ya fita waje, ya dawo da doya ya jingine a bango, ya ce mini in na koma Zariya in gaida malamin. Suka tafi. Na daɗe ban iya komawa kan aikin ba, Goggo kuma ba ta buga mini rula ba.

A makon ƙarshe ta bar ni na riƙa buga furogiram ɗina na zangon da ya wuce a tafireta mai rai, duka da manyan baƙaƙe, haruffa a nan, lambobi in koma kan matacciyar. Ban zama gwani ba. A gwajin da ta yi mana kafin in tafi, 'yar Godogodo ta kusa ninka ni sauri. Goggo ta ce in da aikin ofis nake nema ba za ta ba ni takardar shaida ba, amma na isa in shiga mutane.

Bayan na koma Zariya, ranar da lokacina na farko ya zo a ɗakin huda kati, na zauna gaban injin. Na ɗora yatsu a layin tsakiya, sai na ji maɓallan laushi gare su, ba irin na Goggo da sai ka sa ƙarfi ba. Na ɓata katuna biyu na farko don nauyin hannu. Daga nan na sassauta, na kafa ido a takarda, na ji waƙar sujadar nan tana tafiya a kaina. Ban farga ba sai ga ni a layin ƙarshe. Na ɗaure katuna na miƙe, wanda ke bayana ya tambaye ni ko injin ne ya lalace.

Takardar farko da ta dawo ta tagar, kuskure ta kawo. Na bar aya a wuri ɗaya, kwamfutar ta ruɗe daga nan har ƙasa. Na tsaya a baranda ina dariya ni kaɗai, don na san wadda za ta ce ai ta faɗa. Kati ɗaya na sake. Da ta sake dawowa, ga jerin kayan kantin malam a jere, ga waɗanda suka kusa ƙarewa an ware su a ƙasa, daidai yadda na zana watanni kafin nan. Na kai masa. Ya bi ta da yatsa daga sama har ƙasa, ya ɗago ya ce, “Yauwa.” Na isar masa da gaisuwar Baba, ya ce ya amsa.

Sauran zangon na biya duk aikin da ake bina. Da aka ce kowa ya zaɓi wata sana'a ya tsara mata aiki na ƙarshen shekara, na ɗauki siton citta, da irin da ya shigo da ƙauyen da ya fito da ranar da aka shanya. Na sa gida na musamman inda mutum zai rubuta ko tana da danshi. Na ci darasin. Ban zo na ɗaya ba, amma makin ya yi kyau, kuma shi ne darasin da ya ba ni aikina na farko bayan bautar ƙasa.

Da aka yi hutu na gaba na sauka a Kafanchan kafin in wuce gida, na shimfiɗa wa Goggo doguwar takardar siton cittar a tebur. Ta sa tabarau. Ta yaba yadda layukan suka daidaita, amma ta ce injin ba shi da tarbiyya, komai da manyan baƙaƙe kamar mai yi wa mutane tsawa. Na fara yi mata godiya, na shirya maganar tun a jirgi, sai ta katse ni.

“Ni zama na yi ina tsince wake. Je ka gode wa uwarka, ita ta tone rabonka.”

A gida na ji sauran. Matan zumunta na majami'armu sun zo sun yi musu gayya sau ɗaya, amma ragowar gonar Mama da Baba ne suka tone su biyu, ƙasa ta riga ta yi tauri. Bayan sabuwar shekara bayan Mama ya riƙe, ta yi kwanaki a kwance, ta hana a rubuto mini. Na same ta tana ɓarzar masara, na durƙusa na yi mata godiya da yarenmu. Ta tambaya ko na ci. Na ce na ci. Ta ce to madalla, Ubangiji ya yi aikinsa, in tashi in sauke mata tulun nan. Baba kuwa ya sa na karanta masa takardar, ya gyara mini sunan wani ƙauye da na rubuta ba daidai ba, sa'an nan ya ce gobe da sassafe za mu fita, ruwa ya sauka, ana dasa citta. Na yi wannan dashen da zuciya ɗaya.

Kafin in koma, Goggo ta sa na sake zana mata maɓallan da kyau a babban kwali, na bar mata katunan da suka rage. Ashe tana da nata shirin. Ta ji ana cewa bankuna da masaƙu a Kaduna sun fara neman masu huda kati, sai ta buɗe aji na la'asar a kan matacciyar tafiretar nan, tana koyar da aikin injin da ba ta taɓa gani ba. 'Yan matanta da dama sun sami aiki ta wannan hanya. 'Yar Godogodo na cikin na farko. Da na kama aiki a wani kamfani a Kaduna, ita na tarar tana shugabantar ɗakin huda kati, kuma takardar farko da na aika mata ta dawo da jan fensir. Bayan shekara biyu muka yi aure.

Sau ɗaya Goggo ta ga injin. Ta zo Kaduna ganin ɗanmu na fari, matata ta nemi izini ta kai ta ofis. Ta zagaya shi, ta leƙa inda katuna ke shiga da inda suke fita, sa'an nan ta gyara zani ta zauna, bayanta a miƙe. Ba ta dubi hannunta ba. Ta huda layi guda, ta bi da lambobi, katin ya fito babu kuskure. 'Yan matan ɗakin, waɗanda rabinsu nata ne, suka tafa mata. Ta ce maɓallan sun cika laushi, za su lalata wa yara hannu. Ta sa katin a jakarta, ta ce mu tashi, kada jirgin Kafanchan ya bar ta.